Injin da Wasila Ta Bari a Ɗakina

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Mairo ta faɗi yau da hantsi, a tsakar gidan ɗanta Ɗahiru can Gidan Dahala, tana shanya zogale. Matar Ɗahiru ta bugo wa ɗana, uban Wasila, waya, shi kuma ya ɗaga labulena ya faɗa mini daga tsaye. An ce baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Tana babban asibiti.

Na yi salati. Sai na ji bakina ya ce, ai dama na sha gaya mata ta rage gishiri. Ban aiki bakin ba, shi ya tafi da kansa.

Mairo taubashiyata ce, uwarta da ubana ciki ɗaya. Shekara sittin da ɗoriya muna zagin juna, ba a taɓa raba mu ba don ba faɗa ba ne. Ita tana ce mini Rediyo, ni ina ce mata Tulu, don gajera ce ga faɗi, in ta zauna sai an kama an ɗaga.

Littafin nan na jikata Wasila ne, ragowar na sakandare, shafi tara kawai ta ci ta yar. Tun da muka gama ajin yaƙi da jahilci ban rubuta abin da ya fi lambar waya tsawo ba. Yau dai hannun ke son magana.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

An tafi dubiya. Na ce gwiwa ta hana ni.

Talata, bayan azahar

Gwiwar lafiyarta lau, Allah na gani.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Wasila ta dawo tun kafin azahar, ba lokacinta ba, kuma ba jaka a kafaɗarta.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina. Yarinyar nan likita take son zama, tun tana ɗaure wa kajina ƙafa da tsumma alhali ba abin da ya same su. Bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a, aka ce makinta bai kai na likita ba, aka ba ta wani karatu na tsirrai, ta ƙi. Bana ta sake zama. Akwai wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin 'yan mata masu neman karatun likita, amma sai yarinya ta kawo takardar shaidar ta yi wata shida tana aikin sa kai a asibiti. Shi ya sa tun Disamba take zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu, nan Tudun Wada, wurin Sista Hannatu. Tana rubuta kati, tana ɗora jarirai a sikeli, tana wanke abin da ni ko an roƙe ni ba zan kalla ba. Ranar Alhamis tsofaffi ke zuwa awon jini. Waɗanda ba sa iya fita, Sista ta ba ta injin awon a jaka ta riƙa bin su gida, ta rubuto lamba ta kawo. Lamba kawai. An ja mata kunne tun ranar farko: ba ta ba da magani, ba ta hana magani.

Ranar talatin ga watan nan ƙungiyar ke rufe karɓar takardu.

Yau Ɗahiru ya je asibitin da kayan waldarsa a jiki. A gaban masu awon ciki da masu riga-kafi ya ce ya tarar da ƙwayoyin hawan jinin uwarsa na sati uku a gwangwanin goro, ko ɗaya ba ta sha ba. Ya ce matarsa ta tuna ranar da Mairo ta dawo daga gidanmu da murna, tana cewa injin Wasila ya ce ta warke. Sista ta karɓi jakar, ta ce Wasila ta zauna gida sai an bincika.

Na ce, "Likitar tsofaffi, taho ki sha hura."

Ta ce, "Na ƙoshi, Inna."

Na rufe kwanon hurar.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Sadiyatu mai ƙosai ta shigo ba sallamar kirki. Ta ce, "Balki, ashe jikarki kisa taka koyo? Ni dai ba ta ƙara taɓa min hannu. An ba yara abin manya, ga shi nan."

Ni da ba a gama mini magana ɗaya ban mayar da uku ba. Ni da na taɓa sa Sadiyatun nan ta bar kaskonta a wuta ta gudu gida tana toshe kunne. Na ce Allah ya kyauta.

Ta tsaya tana kallona. Ta ce ko ba ni da lafiya.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan masallaci

Uban Wasila ya zaunar da ita a tsakar gida. Ina gefe ina tsintar shinkafa.

Ya ce, "Ki hwaɗa min gaskiya, ni ubanki na. Kin gwada ta?"

Ta ce, "Baba, wallahi rabon da in gwada Inna Mairo tun watan Maris. Kuma ranar na ce mata jinin ya hau, kada ta yi wasa da magani. Shina rubuce."

"To wa yag gwada ta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina kika aje injin in kin dawo?"

"Cikin jaka."

"Jakar hwa?"

Ta kau da kai.

Jakar a ɗakina take kwana, bisa jeren kwanonina, don ƙannenta ba sa barin komai. Kowa a gidan nan ya sani in ya tsaya ya yi tunani. Don kada a tsaya a yi tunanin sai na ɗauko labarin akuyar Malam Sharifuddeen, wadda ta cinye masa takardar fansho ya riƙa binta da kwano kwana biyu. Labari ne da ba ya faɗuwa ƙasa, ko a gidan makoki na taɓa ba da shi aka yi dariya a ɓoye. Na yi muryar Malam, na yi muryar akuya.

Ba wanda ya yi dariya. Ɗana ya ce, "Inna, don Allah." Wasila ta tashi ta shiga ɗaki.

Shinkafar da na tsince, uwar Wasila ta ce duk tsakuwa ce a ciki.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Na je. Ba yadda zan yi, an fara cewa mi ya shiga tsakanina da Mairo.

Ta rame a kwana shida. Tulun da nake zagi babu shi, sai zani a kan gado. Bakin ya ja gefe, yawu na bin haɓa, matar Ɗahiru na gogewa. Na tsaya daga ƙafar gado na ce, "Tulu, wa yat tuntsurar da ke?" don in ban faɗa ba za a san da wani abu.

Idonta ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Da shi ta kalle ni. Ta ɗago hannun hagu, mai lafiyar, na matsa na ba ta nawa. Ba ta kama tafin ba. Ta haura sama ta kama damtsena, ta matse. Ta matse, ta saki, ta sake matsewa. Tana wani gurnani da ba ya zama magana.

Matar Ɗahiru ta ce, "Allah sarki, ta gane ki. Murna taka yi."

Da za mu fito Ɗahiru ya rako ni har bakin napep. Ya ce, "Inna Balki, kada ki sa komi a ranki. Laihin yarinya bai shahe ki ba. Ke da Inna sai Allah."

Na ce haka ne.

Har yanzu wurin da ta matse yana mini zafi, kuma ba wani ƙarfi gare ta ba.

Litinin, 12 ga Mayu, da azahar

Zafi kamar a zauna cikin murhu. Ba wuta. Goro ya ƙi ciwuwa.

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Wasila na tashi da asuba kamar kullum, ta yi wanka, ta goge hijabinta, sai ta tuna. Yau na gan ta tsaye a bakin zaure da takalmi a ƙafa. Ta daɗe. Ta dawo ta cire ta hau wanke-wanke.

Da, in ta dawo daga asibiti ɗakina take fara faɗowa, ta zube a tabarma, ta ce Inna ba ki ga abin da nig gani yau ba. Jaririn da ya yi wa Sista fitsari a aljihu. Tsohon da ya ɓoye allurarsa a hula. Ni kuma in ƙara gishiri in mayar mata, har ta riƙe ciki.

Ban ce komai ba yau ma.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

To. Littafi ba ya da baki.

Ranar Laraba ce kamar yau, sati huɗu ke nan. Wasila ta tafi darasin jarrabawa, uwarta ta tafi suna, gidan ba kowa. Mairo ta zo da mangwaro a leda, tun daga zaure tana mita. Wai ƙwayar nan ta hana ta sakat, alwalarta ba ta kaiwa daga azahar zuwa la'asar, a Islamiyya sau uku take fita bayi har matan ajinsu sun ba ta wurin zama a bakin ƙofa.

Ni kuma shaiɗan ya nuna mini farar rigar Wasila a rataye. Na saka, ta ƙi rufuwa. Na ɗora tabarau a karan hanci, na sauko da jaka.

Na ce, "Tulu, kawo hannu. Yau Likita Balki ka aiki."

Ta ce, "Ke da ko zare ba ki iya sa wa allura?"

Na naɗa mata abin a damtse yadda nake ganin ana yi mini. Na danna babban maɓalli. Ya fara kumbura, ta fasa ihu wai zan tsinke mata hannu, tana dariya tana fizge-fizge, ni ina ce mata haƙuri Hajiya, haka muka yi wa matan gwamna. Injin ya saki iska, ya nuna wasu haruffa da ban gane ba. Sai na danna ƙaramin maɓallin na gefe. Lamba ta fito, ɗari da sha biyu a sama, saba'in a ƙasa. Wasila ta koya mini in na sama bai wuce ɗari da ashirin ba, lafiya lau.

Na gyara murya irin ta likitocin rediyo. Na ce, "Hajiya, wanga jini na budurwa na. In anka ga wagga lamba sai a kawo sadaki. Ki bar wahal da kanki da ƙwayoyi, ki ci kilishi, ki sha romo."

Ta ce, "Rantse."

Na ce, "Likita ba ta rantsuwa. Ga inji nan, duba da idonki."

Mairo ba ta yi boko ba, amma ta san lamba saboda waya. Ta riƙe injin da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ni ina ta dariya, na ɗauka tare muke yi.

Shekara sittin ina shirga mata ƙarya. Na taɓa ce mata an haifi ɗan maraƙi mai haƙorin zinariya a Kwalkwalawa. Na taɓa ce mata mijinta ya yi mini waƙa kafin ya gan ta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yarda da ni ba. Ban san za ta yarda da inji ba.

Wannan ba shi ne duka ba. Bayan sati guda mun yi waya, ta ce, "Rediyo, na huta da zaryar bayi." Na gane, ko ban gane duka ba na gane rabi. Amma in na ce mata wasa nake yi, za ta faɗa wa Wasila, Wasila ta san na taɓa mata jaka bayan ta roƙe ni kada in taɓa. Sai na ce madalla. Na shiga ba ta labarin wani biki.

Na rubuta. Ban ji sauƙin komai ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Na kira uban Wasila ɗakina kafin ya fita aiki. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce shi abin da ya fi ƙona masa rai, yarinyar nan a hannuna ta tashi, ni na yi mata tarbiyya, ga shi ta jawo an shiga tsakanina da 'yar'uwata. Ya ce in yafe mata.

Na ce masa ya sayo mini man zafi in zai dawo.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Na ɗaure kaya kala uku a ɗankwali. Na ce zan je Kwalkwalawa wurin ƙanwata in kwana biyu, ana ta gyaran gona kafin ruwa ya sauka, ko abinci na dafa musu. Kwana biyun a raina sati biyu ne. In na dawo talatin ga wata ta wuce, magana ta mutu.

Na kai har bakin titi. Napep uku suka tsaya, ina ce musu ba can za ni ba.

Na dawo na ce na manta yau Asabar. Ba wanda ya tambaye ni mi Asabar ta yi.

Litinin, 19 ga Mayu, da azahar

An sallami Mairo, an mai da ita gida. Ba magana har yanzu.

Wasila da ubanta sun je wurin Sista. Ta ce ta duba littafin awo, ta yarda ba Wasila ta gwada Mairo a watan Afrilu ba. Amma inji a hannunta aka damƙa shi. Ko ta faɗi wanda ya taɓa, ko ba takarda. Ta ce ba za ta sa hannu a kan yarinyar da aka ba amana ta ce ba ta san inda amanar ta kwana ba.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Wasila ta shigo share mini ɗaki. Na ce ta bari, ta ci gaba. Ta kai wurin jeren kwanoni ta tsaya, tana ba ni baya.

Ta ce, "Inna, wane maɓalli kinka danna?"

Na ce, "Wane irin maɓalli?"

"Babba ko ƙarami?"

Na ji kunnuwana sun yi zafi. Tsohuwa da ni, mai jika goma sha huɗu. Na ce, "Babban ya ƙi. Sai nid danna ƙaramin."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ƙaramin ba ya awo, awon da aka yi na ƙarshe yake nunawa. Ta ce da safen ranar ta gwada kanta don ta ga ko batir na da ƙarfi. Lambar da Mairo ta riƙe da hannu biyu tana kallo, ta yarinya ce 'yar shekara sha tara.

Na ce, "Tun yaushe kinka sani?"

"Tun ranar. Na iske an naɗe abin hannun kamar tabarma, ke ɗai ka naɗi hakanan. Ga jan goro a bakin jaka. Na ɗauka kanki kinka gwada, shi ya sa ban yi magana ba. Sai da Kawu Ɗahiru yaz zo asibiti nig gane."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

Sai ta juyo. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi. Ta ce, "In tsaya gaban Baba in ce uwarka ta? In tsaya gaban Sista in ce kakata ta? Ki bar shi, Inna. Za ni nemi wani asibiti in sake wata shida. Baɗi ma shekara ta."

Baɗi. Bara ta wuce, bana za ta wuce, sa'o'inta har sun fara zuwa gida hutu da manyan littattafai. Sati biyu yarinyar nan na kallona ina tsintar shinkafa, ina ba da labarin akuya.

Na ce, "Wasila."

Ta ce, "Ɗaga ƙahwarki in share."

Na ɗaga.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Na yi wanka na saka mayafi. Na cire.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Gidan Dahala. Ban shiga ciki ba, na tsaya shagon Ɗahiru na ƙofar gida. Ya kashe injin walda ya ɗauko mini benci. Ban zauna a bencin ba, na zauna a ƙasa cikin guntayen ƙarfe.

Na faɗa masa. Ba murya, ba gishiri. Ban taɓa ba da labari mai muni haka ba, ina yi ina komawa baya ina gyarawa. Har zancen wayar na faɗa, don na san in na bar shi yau ba zan ƙara iya ɗauko shi ba.

Ya cire baƙin tabaraunsa ya riƙe.

Ya ce, "Inna Balki, na tsaya gaban mata arba'in na ci mutuncin ɗiyar mutane."

Na ce ni na sa shi.

Ya ce, "Ranar da nir raka ki bakin napep hwa? Kina ji ina ba ki haƙuri?"

Na ce ina ji.

Ya ce, "Tashi daga ƙasa, ke uwa ta, kada a gan ki hakanan." Ya kama ni ya ɗaga. Sannan ya ce, "Amma kada ki shiga wurinta yau. Ban iya ganin haka yau."

Da na dawo na faɗa wa uban Wasila. Wannan ba zan rubuta ba. Bai ɗaga murya ba, bai ma ɗaga kai ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, da hantsi

Sista Hannatu mutuniyar Kafanchan ce, doguwa, ba ta da yawan dariya amma ba ta da wulaƙanci. Ta ce, "Mama, zauna," ta rufe ƙofar ofis. Na sake faɗa. Karo na uku ya fi sauƙin fita, kuma wannan ma ya ba ni kunya.

Ta ce ta yi zargin wani na gida ne, amma ba ta kawo ni a ranta ba. Ta ce, "Mama, a nan mu biyu ne muka ji. Abin da aka faɗa a kan Wasila, unguwa ce ta ji. Tsofaffi biyar sun daina zuwa awo. Biyu sun ce inji ƙarya yake yi."

Na ce mi take so in yi.

Ta ce ranar Alhamis in zo in faɗa musu da bakina. Ta ce ba hukunci ba ne. Matan nan suna daina magani da sun ji sauƙi, suna ranta wa juna ƙwaya kamar gishiri, shekara takwas tana faɗa ba sa ji. "Ke kuwa an ce in kina labari har mai tuya tana barin kasko."

Na ce ta yanka ni ya fi sauƙi. Ta ce ita ba ta yanka, sai babban asibiti.

Ta ce kuma in sani, Wasila ma da nata. Ta ajiye inji inda hannu ke kaiwa, kuma da ta gane gaskiya ta rufe. Ta ce wanda zai riƙe ran mutane ba ya rufa wa kowa irin wannan, ko uwarsa ce. Za ta rubuta takarda, amma za ta sa cewa an dakatar da ita sati uku, da dalili, da yadda aka wanke ta. Na roƙe ta ta bar wannan wurin. Ta ce, "Mama, yanzu fa kika gama gaya mini abin da ɓoyewa ta jawo."

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Ɗahiru ya aiko in zo. Na dama kunun gyaɗa na kai, irin wanda take so, mai tsami kaɗan.

Na zauna bakin katifa. Na ce, "Mairo, na hwaɗa musu. Kowa ya sani." Ban ce Tulu ba. Na ɗebo kunu a cokali na kai bakinta.

Ta kalle ni da idon nan. Ta juyar da kai bango.

Matar Ɗahiru ta karɓi cokalin, ta sha a hannunta. Ta shanye kofin duka. Na zauna har la'asar ina kore mata ƙuda, ba ta hana ni ba, ba ta kuma juyo ba. Gobe zan koma.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan azahar

Sun fi talatin a rumfar asibiti, har da waɗanda ba su da hawan jini, don labari ya riga ni zuwa. Wasila na gefe a tsaye, ba farar riga, kanta a ƙasa.

Na yi niyyar in faɗa a bushe. Amma da na kai wurin farar riga da ta ƙi rufuwa sai aka fara dariya, bakina kuma ya ji daɗi, Allah ya shirye shi, ya yi muryar likita. Rumfa ta ɗauka. Har tafawa ake. Na tsaya ina kallonsu suna dariyar, irin wadda na yi ranar.

Na ce, "Haka niy yi dariya. Yanzu Mairo na Gidan Dahala, sai an juya ta, sai an goge mata baki. Ta yi sati uku ba magani don ni. Na sani kuma niy yi shiru. Yarinyar ga ba ta gwada ta ba, ba ta ce ta bar magani ba. Ta rufa min asiri, ni kuma nib bar ku kuna zaginta."

Ba wanda ya ƙara motsi. Wata daga baya ta ce innalillahi. Wata na gani ta kwance bakin zani ta leƙa ƙwayoyinta.

Ɗahiru ya zo, ban san zai zo ba. Daga bakin rumfa ya ce, "Wasila, a nan nib ɓata ki, a nan nika ba ki haƙuri." Ta ce ba komi, Kawu.

Sadiyatu mai ƙosai ce ta fara tashi. Ta ce, "Kai Balki, ke dai har ki mutu ba ki girma." Ta tura hannun riga sama ta zauna a kujerar awo. Ta ce, "Taho ɗiyata ki gwada ni. Amma a riƙe min kakarki can nesa."

Sista ta miƙa wa Wasila jakar.

Na fito ta bayan rumfa. Ban jira an gwada ni ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Takarda ta fito da safe. Wasila ta kai ta shagon masu kwamfuta an tura kafin masallaci. Ko za su ɗauke ta da wancan layin na dakatarwa a ciki, ba wanda ya sani, sai watan Agusta.

Ta shigo ta nuna mini, da hatimi da sa hannun Sista. Turanci ne, sunanta kawai na iya karantawa. Na riƙe ta daga gefe-gefe don kada in ɓata.

Na ce, "Kin yahe min?"

Ta ce, "Tun tuni, Inna."

Na ce to ta zauna ta ba ni labarin jiya, bayan na fita, wa jininsa ya hau, wa ta yi rigima. Na matsa mata a tabarma.

Ba ta zauna ba. Ta sunkuyo tana gyara mini ɗankwali da ya zame. A hankali ta faɗa, ba fushi a ciki ko kaɗan. Ta ce jakar yanzu a ofishin Sista za ta riƙa kwana. Ta ce kuma abin da ta gani a wurin aiki, daga yau can za ta riƙa barinsa, ba za ta ƙara kawo shi ɗakin nan ba, ko na dariya ne.

Na ce to.